Tukwanen Gas a Gaban Tandar Herminia

Zapala, farkon Yuni

Uwargidana Herminia,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ki gaida ƙanwarki Ofelia, duk da na san ita ke zuga ki.

Kin ce ba za ki dawo daga Mendoza ba sai ranar da za ki iya hura wuta a tandarki ta burodi ba tare da unguwa ta tashi sama ba. Gaskiyarki, tukwanen gas da na tara don sayarwa a hunturun da ke tafe sun cika tsakar gida har bakin tandar. Amma ni ba kunnen banza gare ni ba. Rediyo ya ce rumbunan ajiya ba su cika ba bana, jiragen da ke kawo gas kuma sun makara. Idan sanyi ya sauka da gaske, gas ɗin bututu ba zai ishi kowa ba, masu tukunya irin mutanenmu kuma su ne na ƙarshe a layi. Ki ba ni wata ɗaya.

Ina shan shayinmu na mate ni kaɗai, ba wanda zan miƙa wa ƙoƙon.

Mijinki,
Anselmo

Zapala, washegarin San Juan

Herminia tawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Gara ki ji daga bakina: na zama abin dariyar gari. Ɗan ɗumin nan da ke zuwa duk shekara lokacin bikin San Juan ya zo, kuma bana ya zarce. Mutane na yawo da riga mai gajeren hannu. Fermín, mai shagon gas na bakin tasha, ya ce hunturu ya fasa zuwa, ya karya farashi, ya sayar da kayansa kaf. Mutumin da aka haifa a garin nan! Kowace shekara ɗumin nan sai ya ruɗi wani, bana shi ya samu.

Mutum-mutumin tsumma da ake ƙonawa a wutar bikin duk shekara kuwa, an sa masa irin hulata, da tumbi, rungume da tukunyar kwali. Fermín ya ɗaga murya ya ce, "Don Anselmo, ka matso, ko a nan ka ga kayanka sun ƙare!" Na yi dariya har da hawaye, don tumbin ya yi kama sosai. Amma na lura iska ta juya, tana kaɗowa daga kudu, inda sanyi ke fitowa.

Naki,
Anselmo

Zapala, tsakiyar Yuli

Masoyiyata Herminia,

Ina gaisuwa cikin sanyi da murna. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, motar kamfanin gas ta kasa shigowa, an daina sayar wa motoci gas a gidajen mai don a bar wa gidaje. Layi ya kai daga ƙofarmu har kantin magani.

Na ƙara kuɗi, ba zan ɓoye miki ba, amma ba irin ƙarin da zai hana ki shiga coci da kai a sama ba. Tsohuwa Doña Clotilde da makarantar yara sun karɓa a tsohon farashi, na faɗa miki ne don na san za ki tambaya.

Fermín ya zo da kansa, hula a hannu, wai gidansa ma babu ta girki. Na ba shi ɗaya, da sharaɗin ya ɗauke ta a kafaɗa ta tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Kai dai mugu ne, abokina." Na ce ya gaida mai ɗinka tumbi.

Tsakar gida yanzu fayau. Na share tandar, na jera itace, na sayo fulawa. Ban kunna ba. Ashana tana kan bakin tandar, an buɗe hanya, motar Asabar kuma na biya miki kujera ta kusa da taga.

Mai jiran burodi,
Anselmo