Ni Na Kai Ƙarar Gwaggon da Ta Goya Ni

Zuwa ga Bi Zuwena,

Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, domin na rasa wanda zan faɗa wa. A ƙauyenmu kowa ya riga ya ɗauki ɓangare. Mijina kuwa da na ɗauko maganar sai ya ce in bar wa Allah. To, na bar wa Allah, amma yau wata huɗu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi a baki.

Ni 'yar Pemba ce, daga wani ƙauyen bakin teku da ba zan ambaci sunansa ba. Mahaifiyata ta rasu ina da wata bakwai, yayar babana ce ta ɗauke ni. Zan kira ta Gwaggo Kazija, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, ni ce ɗiyarta. Sana'arta kamun pweza, wannan mai hannu takwas ɗin da ke ɓuya cikin ramukan dutse. Idan ruwa ya janye sosai a farkon wata da tsakiyarsa, shimfiɗar duwatsun murjani ta fito fili, sai ta goya ni, ta ɗauki sandar ƙarfenta da kwando, mu shiga. A bayanta na fara jin warin teku. Kaguwa take kirana, wai don da na fara tafiya a karkace nake yi.

Gwaggo tana da ramuka goma sha ɗaya da ta gada daga kakata. Kakar ce ta jera duwatsun da hannunta, ta yi wa pweza ɗakuna, kowanne da sunansa. Akwai Mai Ƙofa Biyu, akwai Ɗakin Baƙo, akwai wanda ake ce wa Marowaci don sai ya ga dama yake bayarwa. A wurinmu ba a sa hannu a ramin wata, ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Kuma idan iskar kudu ta taso, yashi kan cika ramukan, sai mai rami ta riƙa zuwa tana kwashewa da ƙoƙon kwakwa. In aka bari wata biyu, ramin ya binne, pweza ba zai shiga ba.

Shekarun nan kamu ya lalace. Sai ki wuni ki fito da 'yan ƙanana da ba su fi tafin hannu ba. Sai wasu masana teku suka zo daga wata ƙungiya, suka nuna mana cewa pweza na girma da sauri, in aka ƙyale dutsen wata uku babu mai taɓawa za a ga bambanci. Gari ya yarda, aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki don na gama sakandare, aka ba ni sikelin awo da aikin gadi. Dokar da muka tsayar ita ce kada ƙafar kowa ta taka dutsen har ranar buɗewa, wanda ya taka kuwa ba zai shiga ran buɗewar ba. Ranar da ake tsara dokar tsofaffin mata suna can baya a kan tabarma, ba wanda ya tambaye su komai. Ni da na san zancen yashi tun ina goye, wallahi ko a raina bai zo ba. Ina ta murna an ba ni sikeli.

A watan farko na kama wata mata, Mboja, uwar 'ya'ya biyar, da pweza biyu a cikin zane. Na kai ƙara, aka yanke mata hukunci. 'Yan gidansu suka ce mini, “Sannu mai gaskiya, Allah ya kai mu ranar da za ta zo kan naki.”

Ta kuwa zo. Wata safiya a wata na biyu ina tsaye a gaɓa, sai na hango mace can kan dutse a sunkuye, da zane ruwan ɗorawa. Ko daga tafiyarta na san ko wace ce. Ga sandar ƙarfe a hannunta, ga kwando. Can gefe kuma ga matan gidan su Mboja suna shanya ciyawar teku, sun gan ta, sun kuma ga na gan ta. Bi Zuwena, ban kira ta ba, ban jira ta fito ba. Kai tsaye na wuce gidan Baba Shaame, shugaban kwamiti, na faɗa masa. Har yau ban san abin da ya hana ni zuwa wurinta tukuna ba. Wataƙila tsoro nake kada ta roƙe ni in kasa.

Aka tara mutane a ƙarƙashin mangwaro. Gwaggo ta zo ba ta kalli kowa ba, ta kife kwandonta a gaban jama'a. Ba abin da ya faɗo sai ƙoƙon kwakwa da ɗan jiƙaƙƙen yashi. Ta ce, “Ga kamun nawa. Ku ba 'yar taku ta auna a sikelinta.” Yashi ta je kwashewa daga ramukan uwarta, sandar kuwa dogarawa take yi don gwiwarta. Baba Shaame ya yi ta shafa gemu, ya ce doka ƙafa ta ce, ba ta ce hannu ba, kuma in aka ɗaga wa ɗaya sai an ɗaga wa Mboja. Aka hana ta shiga ranar buɗewa. Da za ta tashi ta dube ni ta ce, “Ke da kika sha tsula mini fitsari a baya a kan dutsen nan, yau ke ce mai gadinsa. Sannu da aiki, hukuma.” Mutane suka yi dariya. Ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige.

Aka buɗe dutsen saura kwana uku azumi. Gaskiyar masanan ta fito, don ban taɓa ganin pweza irin na ran nan ba, mata sai guɗa suke yi. Amma labari ya kai ƙauyukan maƙwabta, maza suka zo cikin kwale-kwale da manyan ƙarafa. Kowace mace ta tsaya kan ramukanta tana karewa. Na Gwaggo ba kowa, ita tana gida, ni ina bakin sikeli. Baƙin mazan ba su san ana zura sanda a lallaɓa pweza ya fito ba, ko sun sani ba ruwansu. Ɓamɓare duwatsun suka yi. Tara cikin goma sha ɗaya suka rushe. Wani ya ɗora mini ƙaton pweza a sikeli, kilo huɗu, wata ta raɗa mini cewa daga Marowaci aka ciro shi. Da hannuna na rubuta nauyinsa, hawaye na ɗiga a kan takardar.

Tun daga ranar Gwaggo ba ta sake taka teku ba. Ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi. In na gaishe ta sai ta ce, “Lafiya lau, malama,” kamar wata baƙuwa ce ta zo ƙidayar gidaje. Da sallah na kai mata shinkafa da romon kwakwa yadda take so, ta yi godiya, ta ba maƙwabta. Sau uku ina ƙoƙarin yi mata bayanin dalilina, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Yanzu ga shi za a sake rufe dutsen wata mai zuwa. Baba Shaame ya ce ya gaji, kuma ni suke so in zama shugaba, wai ni ce wadda ba ta ɗaga wa ko uwarta ƙafa ba. Duk lokacin da aka yi mini wannan yabon sai in ji kamar an mare ni. Na yarda da rufewar nan, na ga amfaninta da idona, akwai gidajen da suka yi azumi cikin wadata saboda ita. Amma in na karɓa, ai na ce wa Gwaggo abin da na yi daidai ne. In na ajiye kuma, ina tsoron komai ya watse mu koma gidan jiya. Ta haura saba'in, kwanan nan ga tari ya sa ta gaba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne kada ta tafi tana ce mini malama. Yaya zan yi?

Taki cikin damuwa,
Mai Riƙe da Sikeli, Pemba

*

Amsar Bi Zuwena

'Yata Mai Sikeli,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na tausaya miki ƙwarai. Share hawayenki mu yi magana, don akwai aiki a gabanki.

Kai ƙarar da kika yi ba cin amana ba ne. Da kin rufe ido a gaban matan gidan su Mboja, da rufewar ta mutu tun kafin la'asar, kuma da kin zalunci uwar 'ya'ya biyar da kika kama. Wannan kada ki bari kowa ya ruɗe ki a kai. Amma kin yi laifi, kuma ke ma kin san inda yake, tunda da kanki kika rubuta shi. Tsakanin gaɓa da gidan Baba Shaame akwai tsohuwar da ta goya ki, kika tsallake ta. Da kin jira ta fito, kin leƙa kwandon, kin ce mata, Gwaggo dole in faɗa, zo mu je tare, da ko an hukunta ta ba za ta ji labarin daga bakin wasu ba. Sannan ran buɗewa kin san ramukan ba su da mai tsaro. Sikeli kowa na iya riƙewa na awa ɗaya.

Ita ma Gwaggo ba ta fita fes ba. Ta ji dokar, tana da baki, tana da ɗiya a kwamiti, da ta yi magana kafin ta shiga. Sai dai ki tuna shekara nawa ta yi tana kula da dutsen nan kafin a haifi masu kwamitin. A wurinta ba ƙeta ta je yi ba, gyara ta je yi, sai aka tsayar da ita a gaban gari kamar ɓarauniya. Abin da ke cin ta ya wuce ramuka tara. An nuna mata cewa abin da ta sani ba shi da daraja, kuma ɗiyarta ce ta nuna.

Don haka ki daina yi mata bayani. Sau uku kika je da dalili, sau uku ta saki labule, kuma ta yi daidai, don wanda ya zo da dalili kare kansa ya zo yi. Ki je hannu rabbana, ba shinkafa ba komai. Ki zauna a ƙasa ki ce, na tsallake ki, na bar ramukan Kaka babu mai tsaro, na yi kuskure, ki yafe mini. Daga nan ki kama bakinki. In ta tashi, ki zauna kaɗan ki tafi, gobe ki dawo. In kuwa ta balbale ki da faɗa, ki gode wa Allah, alama ce ta fara saukowa. Kuma ki lallashe ta, ko ki sa wanda take jin maganarsa, a kai ta asibiti a duba tarin nan, wannan ba sai ta huce ba.

Shugabancin kuma ki karɓa, amma ba a kan yabon da suke yi miki ba. Ki tashi a gaban taron da aka yi mata dariya ki ce dokarmu ta farko tana da giɓi, kuma ni ina cikin waɗanda suka bar giɓin. Kafin a sake rufewa, a dawo da tabarmar tsofaffin nan gaba a tambaye su. A ware ranar da masu ramuka za su shiga kwasar yashi, da ƙoƙo kawai, 'yan kwamiti na kallo. A hana ɓamɓare dutse ga kowa, ɗan gari da baƙo, a kuma zauna da ƙauyukan maƙwabta tun da wuri. Ki gaya wa masananku zancen yashin nan, ina tsammanin za su so su ji, don mai son pweza ya yawaita ba zai so ɗakinsa ya rushe ba. In an ƙi waɗannan, to ki ajiye musu kujerarsu da zuciya ɗaya.

Ramukan da suka rushe kuwa, ke ba ki iya jera su ba, ita kaɗai ta iya. Idan ranar ta zo da ta fara amsa miki magana, ki roƙe ta ta koya miki, ko daga kan tabarma ne da duwatsun tsakar gida. Kada ki yi wannan don dabarar shawo kanta, za ta gane. Ki yi don da gaske in ta tafi da ilimin nan ya tafi ke nan.

Ba zan yi miki alkawarin za ta yafe da wuri ba. Mai yiwuwa ta ɗauki lokaci, mai yiwuwa kuma abin ba zai koma kamar da ba, sai ki haƙura da abin da ta iya bayarwa. Abin da ke hannunki shi ne kada ta kwana ko ɗaya nan gaba ba ta ji daga bakinki cewa kin san kin ɓata mata ba. Kada ki jira Juma'a, kada ki tsaya shirya kalmomi. Ajiye jaridar nan ki ɗauki mayafinki.

Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sanyaya zuciyarta a kanki, ya kuma sa ku daɗe tare.

Taki,
Bi Zuwena