Na ce wa Yayata sai an fasa mata kai, alhali allura likita ya ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, da fatan kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, don na san zagin yana tafe.

Ni da Yayata kitso muke yi a gidanmu na gado a Ƙofar Sauri. Ita ta koya mini, amma ba ta taɓa bari in manta da hakan ba. Amarya in ta zo, wajenta take zama, ni kuwa sai tsifa da wankin kai. In na yi wa mace shuku, a gabanta Yaya za ta sa kibiya ta warware, ta ce, "Wannan kitso ne ko igiyar ɗaure akuya?" Mata su yi ta dariya, ni ma in yi, amma raina yana tafasa.

Bara ciwo ya kama ta a ƙeya. Ta ce kamar lantarki yake fizgar ta daga wuya zuwa bayan ido. Ba ta iya sunkuyawa kan kitso, ɗankwali ma in ya taɓa wurin sai ta yi ƙara. Kan dole matan suka dawo hannuna. A karon farko na ji ana cewa "Ina mai kitson?" kuma ni ake nufi. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Ni na raka ta asibiti, don likitan ba ya jin Hausa, ita kuma ba ta yi boko ba. Ya danna ƙeyarta, ta zabura. Ya ce jijiya ce ta bayan kai, ba sai an yi tiyata ba, allura za a yi mata a daidai wurin, aikin 'yan mintuna, ta koma gida ranar. Ya ce mutane da yawa suna samun sauƙi, in ciwon ya dawo a sake. Yaya ta riƙo hannuna ta ce, "Auta, mi ya ce?" Na kalli yatsun nan nata da suka fi nawa iya komai, sai na ji bakina yana cewa, "Ya ce sai an fasa ƙoƙon kai, kuma ba kowa ke tashi ba." Ta ce, "Tashi mu tahi gida." Likitan na kiranmu, na ce masa za mu yi shawara.

Wata takwas ke nan. Ni na kawo wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya, ni na riƙe kanta tana ihu, jini na bin wuyanta, ina ce mata sannu. Wace irin ƙanwa ce ni? Tana kwance a ɗaki tana nishi, ni ina tsakar gida a kan kujerarta ina yi wa amare kitso ina raha. Wata rana ma na ce mata ta rage nishin, tana firgita mini mutane. Ta ce in yi haƙuri.

Shekaranjiya ta kira ni. Ta ce, "Na gaji, Auta. A hwasa kan, in mutuwa ce ta hi mini wannan." Ta bi dangi da waya tana neman gafara, ta damƙa mini amanar 'ya'yanta biyu. Sannan ta miƙo mini reza, ta ce ba ta son baƙo ya aske mata kai a asibiti, gara ni. Na karɓi rezar. Na aske shi tas, gashin da ya kai gadon bayanta, tana cije leɓe duk lokacin da rezar ta kusanci ƙeya, tana sa mini albarka.

Ranar Litinin za mu koma, kuma wannan karon mijinta, da ke aiki a wani gari, zai zo ya bi mu, shi kuwa yana jin Turanci. Likita zai ga kai a aske ya tambayi dalili. In na faɗa mata yanzu, da wane ido zan kalle ta? In na yi shiru, a gaban mijinta za ta ji. Yanzu haka tana ɗaki tana ninke kayan da take so a raba in ba ta dawo ba, ta ce in zo in zaɓi nawa.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?