Lambun Bakin Tabki Yana Hannuna

Assalamu alaikum, maigidana Habu.

Gaisuwa mai yawa daga Gazawa. Ina fata kana lafiya, da karatun lakol, da mutanen gidan da ka sauka a Yamai. Mu duk lafiya lau. Ko ka samu wata a can ne ka manta da uwargidanka?

To, ga labari. Kawunka Idi ya ce wai na tsufa, in ban share lambun bakin tabki ba kafin a saki shanu a gonaki ranar Juma'a, zai ba maƙwabcinmu aro ya shuka albasa. Na ce masa, "Idi, tun kana rarrafe nake riƙe da wurin nan."

Sai na kira gayyar tsofaffi. Mu huɗu ne, haƙoranmu duka ba za su cika baki ɗaya ba. Kwana uku muka tuge kara da ciyawa. Ban bari an sa wuta ba, saboda zogalen da ka dasa. Muka ja ƙayar magarya muka yi shinge, muka zuba taki, muka yanka fangali tara na salati, karoti da shu, wato kabeji.

Ranar Alhamis Idi ya zo ya zagaya wurin sau biyu. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, a bar mani fangali guda mana." Na ce sai na yi shawara.

Ka gaishe da masu masaukinka. Ka sa ni a addu'a, don bayan nan ya ƙi miƙewa tun ranar. Amma in ka gaya wa kawunka, auren namu ya mutu.

Kakarka,
Hajjo