Jaki Mai Ƙahon Saniya

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar Inna? Ya damina?

Na ji hukumar En'e ta hana farauta a dajinmu, kana ta fushi. Saurara mini. Na haɗa kai da wani Bayarabe mai zane a Sabon Gari. Ina ɗinka jakunkunan fatar akuya a Fagge, shi yana zana namun daji a jiki, Turawa na saye a tasha. Ka ce maharbanmu su tara mini fatun awaki, za su samu na hatsi.

Jiya na ce ya zana gwanki, sai ya zano jaki da ƙahon saniya! Na fashe da dariya, na waiwaya in nuna wa wani, ashe duk layin babu wanda ya taɓa ganin gwanki. Sai dariyar ta tsaya mini. Shekara tara rabona da fadamarmu.

A gaida kowa, Inna ta sa ni a addu'a. Kai kuwa, don Allah ka rataye bindigar nan. Ka bar mini gwanki ko guda ɗaya in zo in tarar.

Ƙaninka,
Sule