Ɗakin da Aka Gina da Ruwan Alwala

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara ta Garagumsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kabari ya yi miki faɗi, ya yi miki sanyi. Ni ce Rakiya. Mu nan Damagaram lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yau da safe ina shara na ji mai rediyo yana faɗin gidajen da aka gina a birni bana, da waɗanda suka rage kafin a cika umarnin gwamnati. Inna, na jingina tsintsiya na zauna. Muryar ba ta wanda muke ji a zamaninki ba ce, shi ya daɗe da bin ki lahira, amma maganar ita ce dai: an samu ci gaba, saura kaɗan. Kuma jikanki Lawali ya zo mini da wata magana a kan ɗakinki. Zan faɗa miki, amma bari in fara daga farko, don yaran da ke leƙen abin da nake rubutawa ba su san komai ba.

Kin tuna yadda muka shigo garin nan a shekarun fari. Gero ya ƙone a gona tun bai fitar da kai ba, muka binne Baba, mijina ya tafi kudu cin rani, daga nan ko labarinsa. Muka taho ni da ke da Lawali a goye, da tabarma da tukunya ɗaya. Wani ɗan kasuwa a unguwar Zango ya bar mu muka kafa rumfar zana a bayan katangarsa. Kullum kina gaishe shi har ƙasa, kullum kuma in kin dawo sai kin ce zaman aro ba zama ba ne.

Sai gwamnati ta ce kowane birni ya samar wa waɗanda fari ya koro matsuguni, kuma kowace shekara za a zo a ƙidaya abin da aka gina. Aka yanka filaye can bayan duwatsu, aka ba mu farsel guda, wato ɗan fili mai duwatsun iyaka a kusurwa huɗu. Amma da sharaɗi. Cikin damina uku sai an ga ɗaki tsaye, da rufi da ƙofa. In ba haka ba a karɓe a ba wani. Ranar kin durƙusa kin ɗebi ƙasar wurin kin shinshina, kamar mai sayen gero.

Fili ga shi, ƙasa ga ta, har ta yi yawa. Abin da mai dokar bai yi tunani ba shi ne, laka da ruwa ake kwaɓa ta. Kududdufin da mutanen gari ke yin tubali a bakinsa ya bushe ƙaf, ya tsage. A famfo kuwa tun asuba ake jera tulu, wani lokaci rana ta take kana tsaye a ce ruwa ya ɗauke. 'Yan garuwa sai masu hali. Wanda za a sha bai isa ba, ballantana wanda za a zuba wa ƙasa.

Ke dai aiki kika kama. Kika ari galma kika haƙa rami a tsakiyar filin, kika tara jar ƙasa a ciki. Daga ranar kika kafa doka: ba mai yin alwala ko'ina sai a bakin ramin nan. Ruwan wanke kwano, ruwan ɗaurayar zane, wanda aka wanke wa Lawali baki da shi, duk can. Kina surfe a gidajen Zango, ki dawo da ƙasarin gero mu sha, ki dawo da ruwan wanke-wankensu a ƙwarya ki juye a rami. Ki rufe shi da tsohuwar tabarma kada rana ta sace. In ya taru ya yi danshi, ki naɗe zane ki shiga ki taka, ki dunƙula tubali da hannunki ki jera.

Mutane sun yi dariya, kin sani. Mace da kwaɓa laka, ina aka taɓa gani? Suka sa wa ramin suna Masallacin Inna. Ni kaina kunya nake ji in na ga ana nuna ki da baki. Ke kuwa abin da kike cewa kawai shi ne: "Ruwan da ya wanke fuska bai gama aikinsa ba." Ba a daɗe ba sai ga tsofaffin unguwa suna zuwa da butocinsu lokacin azahar, suna tsokanarki suna tsugunawa a bakin ramin. Wanda ya fi kowa yi miki ba'a shi ya fi kowa zuwa.

Da Maman Rahila, maƙwabciyarmu da ke aiki a gidan likita, wadda mijinta ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Su ba alwala suke yi ba, ranar Lahadi majami'a suke zuwa, amma kullum da yamma sai ta ƙetaro da kwanon ruwan wankinta. Ta ce in dai masallacin yana karɓar baƙi, ita ma ga nata. Kika ce laka ba ta tambaya. Kun yi dariya har kuna dafa juna. Ina jin a shekarun nan ban ƙara jin dariyarki irin wannan ba.

Shekara ta zagayo, mutanen biro, wato ofishin gwamnati, suka zo ƙidaya. Magini ya ɗora mana bango ya kai gwiwa, ladansa kuwa surfen da kika yi wa matarsa. Suka tsaya suka duba, babbansu ya gaishe ki da mutunci, ya ce a ƙara ƙoƙari, wannan bai shiga lissafi ba tukuna. Ban ga laifinsa ba, abin da aka aiko shi ke nan. Bayan kwana kaɗan rediyo ya ce birni ya samu ci gaba. Kika ce to, Allah ya sa da mu a na baɗi.

Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Hadari ya haɗu, mu fito mu tara ƙore, iska ta watsa shi. Ciyawar da ake cuɗawa a laka ta zama abincin dabbobin da suka rage, ana sayar da ita kamar hatsi. Tubali ba ciyawa, rabi ya tsage tun a shanya. Ki farfasa, ki mayar rami, ki sake jiran ruwa. Maƙwabta suka fara barin filayensu, wasu suka koma ƙauye su mutu a gida, wasu suka bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa kudu. Filin da ke gabas da mu aka zo aka tumɓuke duwatsunsa aka ba wani. Kin tsaya kina kallo har aka gama, sannan kika koma bakin raminki.

A shekarar ne na gane abin da kike yi. In na miƙo miki moɗa sai ki kurɓa sau ɗaya ki ce kin ƙoshi, in na juya baya ki kai sauran rami. Leɓenki ya tsattsage, fitsarinki ya koma kamar ruwan goro. Maman Rahila ta kama ki da faɗa, ta ce ƙoda ba ta yafe irin wannan, ki sha ruwa ko ki kwanta. Kika ce kin ji. Ba ki ji ba.

Inna, zan faɗa miki gaskiya, har yau ina jin haushinki. Na girme ki yanzu, na wuce shekarun da kika yi a duniya, amma haushin bai tsufa ba. Wane irin taurin kai ne wannan? Na ce miki mu bar musu filin, rumfar zana ba ta kashe kowa ba. Kika dube ni kika ce: "Ni na saba da raɓe. Yaron nan ne ba na so ya saba."  

Shekara ta uku bango ya kai inda ake so. Saura rufi da ƙofa, kuma wa'adi ya matso. Azara a kasuwa ba ta talaka ba ce. Sai kika ce akwai azara a Garagumsa, a kan ɗakin Baba. Na ce in muka kware ɗakin nan ina za mu koma in ruwa ya dawo? Kika ce ba komawa. Na ce to ni zan je. Kika ce dangin Baba ba za su bar yarinya ta taɓa rufin ɗan'uwansu ba, sai ke.

Kika tafi. An ba ni labari daga baya cewa kina tsaye aka sauke rufin ɗakin da aka kai ki amarya, ɗakin da kika haife ni, ba ki zubar da hawaye ba, sai cewa kike a bi a hankali kada itacen ya karye. Kika dawo a saman kamyo cikin tsakar rana, kina zaune a kan azara, kin rungume ƙyauren ƙofa. Da aka sauko da ke ƙafafunki sun kumbura, takalmi ya ƙi fita.

Daga nan ba ki ƙara tashi ba. Kina kwance a rumfa kina jin magini yana jera azara, yana shimfiɗa zana a kai. Abin da ya rage laka ce kawai da za a lulluɓe saman, mai yawa kuwa, kuma ramin ya bushe. Yanzu da muke ɗura miki ruwa da ludayi, jikin ya ƙi karɓa. Kin cika da hantsi, ranar wata Talata. Maganarki ta ƙarshe da na gane ita ce a rufe ramin da tabarma.

Ba mu da wurin da za a suturta ki a wanke ki, sai cikin ɗakin. Shigarki ta farko ke nan, a ɗauke. Maman Rahila ta sayo tano guda, wato ganga, na ruwa da kuɗin aikinta, ta ce kada wanda ya yi mata magana. Matan suka haƙa ɗan gurbi a ƙasa, suka fara zuba miki. Rana tana ratsowa ta tsakanin zana tana sauka a fuskarki. Ruwa mai kyau, Inna, garau, irin wanda kin shekara uku ba ki bari ya taɓa jikinki ba. Ina tsaye ina kallon ƙasa tana shanye shi, sai na ji zuciyata tana cewa wannan ai da ya yi tubali da yawa. Uwata ake wankewa, ni kuma abin da ke raina ke nan. Haka fari ya mayar da mu. Na fita waje na yi kukan da har yau ban yi irinsa ba.

Abin da ba ki gani ba shi nake so in ba ki labari. Mutane sun zo zaman makoki, daga Zango, daga gidajen da kika yi wa surfe, har daga Garagumsa. Kowa da butarsa. Lokacin salla ya yi, wani baƙo ya nufi bayan dutse zai yi alwala, sai tsohon nan mai yi miki ba'a ya daka masa tsawa, ya nuna masa ramin. Haka aka yi ta yi, salla bayan salla, maza a nasu lokaci, mata a nasu. Mutanen majami'ar su Maman Rahila da suka zo gaisuwa suka ji labari, suka koma suka dawo da kwanoni. Ranar sadakar bakwai ramin ya cika da laka har baki. Aka shafa fatiha, maza suka tashi daga kan tabarmi suka tuɓe riguna. Kafin la'asar an rufe ɗakin.

Mutanen biro sun zo a kan lokacinsu. Babban nasu ya duba rufi, ya tura ƙyauren Baba ya ji ya buɗe, ya ce madalla, wannan ya shiga. Ya tambaya ina tsohuwar nan mai ƙoƙari. Aka faɗa masa. Ya cire hularsa ya ɗan tsaya, sannan suka wuce gida na gaba. Da rediyo ya faɗi gidajen shekarar na kasa kunne. Adadi ne kawai, ɗakinki yana ciki, kuma aka ce har yanzu birni bai cika abin da aka ɗora masa ba.

A ɗakin nan Lawali ya girma. Bai san raɓe ba, kin samu abin da kike so. Yanzu yana da shago a Zango, da mata da 'ya'ya, ya gina nasa na siminti a gefe, ya jawo mana famfo har tsakar gida. Jikokina suna barin sa yana zuba, in yi ta masifa, su ce Kaka ta fara. Ni kuwa har gobe a kwano nake alwala, in kai ruwan gindin bangonki in zuba. Hannuna ya ƙi koyon wani abu.

To, ga maganar da ya zo da ita. Ya ce masu ƙidayar yanzu ginin siminti suke nema, na laka ba ya shiga lissafinsu. Ya ce bangon ya fara zaizayewa, yana tsoron kada ya faɗo mini. Yana so ya rushe ya yi mini sabo mai kwano da taga. Yaron kirki ne, Inna, kada ki yi fushi da shi, yana goye lokacin, bai san da me aka kwaɓa ba. Jiya na zaunar da shi na faɗa masa duka, har abin da ya zo mini a rai ranar wankanki, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. 

Na ce masa ban hana shi ba, filinsa ne, don shi aka yi. Amma ya jira. A nan aka wanke ki, a nan za a wanke ni. In an fitar da ni, ya kira masu diga.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya gafarta miki taurin kanki, ya gafarta mini haushina. Allah ya shayar da ke daga tafkin Annabi, ki sha ki ƙoshi, kada ki rage wa kowa. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Maman Rahila da duk wanda ya tsuguna a bakin ramin nan da alheri, ya raba jikokinki da ganin irin shekarun da muka gani. Amin.

Taki har kullum, mai jiran haɗuwa,
Rakiya