Lambatun da Ya Yi Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Mamallakin ƙasa da abin da ke kanta, tsira da aminci ga Manzonsa. Sallama gare ka, mai karatu. Ga wasiƙun da suka gudana tsakanina, Inshanally Baksh, da ƙanwata Khairoon, a kan gonar shinkafar da mahaifinmu ya raba mana a ƙauyenmu na yankin Corentyne.

New York, Maris 1998

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya gwiwar matarka Zabeeda?

Ba zan yi kwana-kwana ba. Ɗana Feroze ya dawo daga wurinku, ya ce ya ja tef ɗin awo a goshin gonata, daga lambatun da ya raba ni da kai zuwa shingen maƙwabcinmu Ramdeen. Takardar Baba ta ce, da sandar awon gona, faɗin sanda shida tawa, shida taka. Shi biyar da rabi ya samu. Rabin sanda a bakin titi ba komai ba ne, amma ja shi har ganuwar baya ka gani. Ƙasa dai ba atamfa ba ce, balle a ce wanki ya tsuke ta. Kuma ban manta dokar garinmu ba: wanda ya noma wuri shekara goma sha biyu ba a tanka ba, sai ya nemi takardar mallaka. To, na tanka.

Ƙanwarka, Khairoon.

Corentyne, Afrilu

Zuwa ga ƙanwata. Amincin Allah da rahamarsa su tabbata gare ki. Bayan haka:

Ki sani zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni da nake hawa mumbari ina faɗa wa jama'a cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi a wuya ranar hisabi, ni zan ci miki rabin sanda? Lambatu yana inda Baba ya haƙa shi. Shekara ashirin ni kaɗai nake yashe shi kafin ruwan Mayu, ko shebur ba ki taɓa aikowa ba.

Feroze ya kwana uku a gidana yana cin gurasarmu ta roti da miyar kabewa, bai ambaci tef ba. Sau biyu kuma an gan shi a motar mai injin casar shinkafa, wanda ya daɗe yana haɗiye gonakin mutanen da ke ƙasar waje. Ki tambaye shi wa ya ara masa tef ɗin.

Wassalam, yayanki.

New York, Afrilu

Yaya, ina gaisuwa. Wa'azi ya yi daɗi, Malam, amma turke nake tambaya. Ranar rabo Baba ya kafa turken ƙarfe a bakin lambatu, ni ce na riƙe masa lema. Ka tono shi. Idan yana nan, zan zo da kaina in durƙusa.

Khairoon.

Corentyne, Mayu

Zuwa ga ƙanwata, bayan sallama.

Na nemi turken a bakin lambatu kwana biyu, ina raya wa zuciyata cewa ɗanki ne ya cire shi. Ramdeen ya tsaya bisa shingensa yana kallona, ya ce, "Alhaji, zinariya kake nema? Matsa baya, ka yi kusa da ruwa da yawa."

Na same shi a cikin shinkafata, taku shida daga bakin ruwa.

Ramdeen ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce, "Kai kullum a gefenka kake tsayawa, ka miƙa shebur ka yanki gaɓar Khairoon, ka zuba lakar a gabanka. Shekara ashirin! Ai ko kogi ne ya kama hanya."

Wallahi ban nufa ba, amma rashin nufi ba ya mayar da ƙasa. Na ci shinkafar wurin, na ciyar da iyalina, na fitar mata da zakka kamar tawa. Juma'ar nan ban iya hawa mumbari ba. Zan kira safiyo mai awon ƙasa ya mayar da iyaka. Ki yafe mini, Feroze ma ya yafe.

Mai neman afuwa, yayanki.

New York, Yuni

Yaya, sallama. Feroze ya amsa cewa tef ɗin na mai injin ne. Na ja masa kunne, gona ba ta sayarwa ba ce.

Shinkafar da ka ci na yafe. Ƙasar kuwa ban yafe ba. Kada ka kira safiyo. Daga bana ka tsallako gefena ka tsaya, ka riƙa yashe lambatun yadda ka saba, ya koma da ƙafarsa kamar yadda ya zo. Shekara ashirin ka ce, ko? To kada ka kuskura ka mutu kafin ka gama. Shebur yana hanya.

Ƙanwarka, Khairoon.

Allah Ya tsare ka, mai karatu, daga haƙƙin da ke shigowa taƙi-taƙi, Ya sa albarka a abin da ka mallaka, Ya cika mana da imani. Amin.