Lambar da Dogo Ya Haddace

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ki gaida mini ɗanki da matarsa, Allah ya saka musu da alheri kan riƙon da suke miki. Ni ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Da kunnenki bai ƙi waya ba da na huta da neman biro, amma ba komai, dama na fi iya faɗin abin da ke raina a takarda.

'Yarki ta wajena, Nas, ta samu hutu daga aikin asibiti, ta zo ta tasa ni gaba a kan maganar waya. Wai layin da nake kai yana cin kati kamar gara, gara in koma ɗaya daga cikin sababbin kamfanonin nan masu araha. Ta baje mini takardun talla uku a kan teburin yanka. Ɗaya mintuna da yawa, data kaɗan. Ɗaya data har ki gaji, amma kira da tsada. Na ukun ya fi kowa sauƙi, sai dai maƙwabciyata mai kitso a kansa take, kuma kullum ina ganin rabin jikinta a waje ta taga tana neman sabis, tana ihun ko ana jin ta. Ni da iyakar kirana in ce wa mai kaya ɗinkinta ya yi, me zan yi da data?

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne da ta ce in haƙura da wayar maigidana Malam, wai riƙe layi biyu wahala ce. Har ta kai hannu za ta ɗauka ta duba, na buge hannun. Mace da aurenta, amma sai da na buge shi.

Kin san ƙaramar wayar nan tasa mai madannai, wadda gilashinta ya tsage daga sama tun ranar da ta faɗo masa a shagonsa na kafinta. Tana kan kantar katakon da ke saman keken ɗinkina, a jone da caji ba dare ba rana. Wata takwas ke nan da rasuwarsa ban bari ta mutu ko sau ɗaya ba. Satin da zai kwanta ya saka mata kati da hannunsa, kuma abin da ya saka yana nan, ban taɓa ko ƙwandala ba. Ba na kiran kowa da ita. Na farko ba na son in cinye abin da ya bari, na biyu ba na son a kira a ji layin ana magana.

Kin san wanda nake nufi. Shekara uku ke nan da ɗana Dogo ya ajiye zarto ya ce shi manyan motoci zai bi, ubansa ya ce masa in ya fita kada ya sake dawowa. Ya fita. Bai san uban ya rasu ba, bai san mun bar tsohon gida na dawo ɗaki ɗaya a saman shagon mai wanki da guga ba, bai san ke ma kin koma wajen ɗanki ba. Lambata na canza ta tun da aka sace mini waya a mota. Abu ɗaya ya rage da zai same mu da shi, lambar ubansa, wadda Malam ya sa su haddace tun suna ƙanana, suna rera ta a tsakar gida kamar karatu. Yaya, ko barci yake aka tashe shi zai karanto ta.

Malam ya yi nadama, ni shaida ce. Bai iya faɗa ba ne kawai. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai ya duba lambar tukun, in ya ga sananniya ce sai fuskarsa ta sauka.

Wayar shiru take. Da farko kamfanin ya dame ni da saƙonni, ina gogewa ba tare da na buɗe ba kamar yadda Malam yake yi, yana cewa talla ce. Yanzu har su sun gaji sun daina. Ki sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na samu amsarki ta hannun direban da yake kai mana wasiƙa, na kuma ji daɗin cewa kumburin ya sauka. Ki daina hawa matakalar nan don Allah, ba ke kaɗai ce mai shanya a gidan ba.

Na bi shawararki na je shagon kamfanin farko, mai mintuna da yawa. Wuri ne mai sanyi da kujerun roba a jere, ana ba mutum lamba a takarda kamar asibiti. Wadda ta saurare ni yarinya ce mai farce dogaye, magana take kamar ana korarta. Sai da na ce mata ta sassauta, ni tela ce ba rediyo ba, sannan ta yi dariya ta bi da ni a hankali. Na ɗauki tsarin wata-wata mafi ƙanƙanta, aka mayar da layina can da lambata yadda take. Sabis yana shiga ɗakina har bayan labule.

Da na ga abin ya yi sauƙi sai na tambaye ta ko za a iya mayar da wani layin ma, don na ga suna da tsarin da ake biya sau ɗaya a shekara a manta. Ta ce in kawo mai layin da katin shaidarsa. Na ce ba zai iya zuwa ba. Ta ce ko a keken marasa lafiya ne a turo shi, minti biyar ne. Sai da na faɗa mata. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce to sai takardar shaidar rasuwa da takardar da ta nuna ni matarsa ce. Ta miƙo hannu in ba ta wayar ta duba mini wani abu, na ce na baro ta a gida, alhali tana cikin jakata naɗe a ƙyalle.

Ban san me ya hana ni ba. Takardar tana ƙasan akwati, tun da aka ba ni ban sake buɗe ta ba. In ɗauko ta in kai shagon waya, a ɗora a kan injin kwafi, a goge sunansa a rubuta nawa? Ji na yi kamar za a sake fitar da shi daga gidan. Na ce a raina ai ba gudu layin yake ba, akwai kuɗi a ciki, akwai caji. Bari in gama da kayan makarantar da suka taru mini tukun.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun wata biyu, da kuma rubutun nan da ya karkace. Ina fatan ke lafiyarki ƙalau. Ni kam jikina lafiya.

Ranar Litinin na ɗauko takardun na koma wajen mai farcen nan. Ta karɓa, ta cika komai, ta ce za a turo wasu lambobi cikin wayar Malam in karanto mata. Muka jira, shiru. Ta sake turawa, shiru. Ta karɓi wayar ta karkata ta wajen haske, ta leƙa ƙarƙashin tsagar gilashin, ta ce, "Mama, ai babu sabis a wayar nan ko ɗigo." Na ce wataƙila wayar ce ta tsufa. Ta cire layin ta saka a tata. Sannan ta ce in je tsohon kamfanin.

A can wani mai tabarau ya buga lambar a kwamfuta, ya juyo da fuskarta wajena kamar zan gane. Ya ce ƙa'idarsu ce, layin da ya yi wata shida ba a kira da shi ba, ba a saka masa kati ba, rufe shi suke. In an ƙara wata uku ba a zo ba sai su sayar wa wani. Na ce akwai kuɗi a ciki. Ya ce kuɗin da ba a taɓa ba ba ya riƙe layi, da ko sau ɗaya na kira wani na ce sannu na kashe, da yana nan. Ya nuna mini jerin saƙonnin gargaɗi da suka turo, har guda biyar. Su ne na bi ɗaya bayan ɗaya na goge da babban yatsana.

Yaya, lissafa ki gani. Ranar da na rubuto miki wasiƙar farko ina yabon kaina, layin ya yi wata biyu a rufe. Ranar da na ɓoye wayar a jaka na yi wa yarinyar nan ƙarya, da sauran kwanaki a cece shi. Wata biyar ina share wa wayar ƙura, ina rage ƙarar rediyo, ina tsayar da keke in na ji kamar motsi, ashe babu abin da zai iya shigowa. Ni da na hana kowa taɓa ta don kada ta lalace, ni na kashe ta.

Ban yi kuka a wurin ba. Na fito na zauna a kan dakalin wani shago, na danna lambar da sabon layina. Ta shiga. Har ta yi ƙara uku zuciyata tana gaya mini muryar Malam zan ji. Wani mutum ya ɗauka, ana ta bugun ƙarfe a bayansa, ya ce mai faci ne, taya ce ko iska. Na daure na yi masa bayani. Ya ce shi fa ya gaji da mutanen tsohon mai layin nan, ko kwanan baya wani ya kira har sau uku yana neman Baba.

Ya yarda in je in same shi jibi. Ban gaya wa Nas ba tukuna, ban san da wane baki zan fara ba.

Auta

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode da lallashi. Kin ce ƙaddara ce, na sani, amma da yatsana aka rubuta ta. Ya jikin naki? Ki ci gaba da shan maganin ko kin ji sauƙi.

Na je. Mota biyu na hau. Rumfa ce a bakin babban titi, tsofaffin tayoyi jibge, da bahon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tiyub. Lambar Malam tana rubuce da jan fenti a jikin allonsa, manya-manya, har fentin ya zuba a ƙasan bakwai ɗin. Na tsaya ina karanta ta da muryar yaran nan a kunnena.

Mutumin ba mugu ba ne. Ya goge mini benci da hannun rigarsa, ya saya mini ruwa. Na roƙe shi ya bar mini layin, ya ce in yi haƙuri, duk direbobin hanyar da ita suka san shi yanzu, abincinsa ke nan. Ban ga laifinsa ba. Ya bi jerin kiran da aka yi masa har ya gano ranar, sati uku da suka wuce, kira uku a jere daga lamba ɗaya. Na tambaye shi me ya ce wa mai kiran. Ya sunkuyar da kai yana wasa da sifana. Ya ce na farko da na biyu ya ce masa ba nan ba ne. Na ukun yana ƙarƙashin mota, rai a ɓace, ya ce, "An ce maka babu Babanka a nan, kada ka sake kiran lambar nan."

Kin ji, Yaya. Yaron da aka ce wa kada ya sake dawowa.

A nan rumfar na kira lambar. Wata mata ce mai sayar da shayi a tashar manyan motoci, can wani gari da ko sunansa ban taɓa ji ba. Ta tuna shi sarai. Ta ce dogo ne, siriri, da tabo a babban yatsan hagu. Tabon kurfin kafinta ne, ina wurin ranar da ya yanke. Ta ce ya ari wayarta, bai duba takarda ba ya danna lambar da ka. Bayan kira na uku ya miƙa mata, ya zauna a benci har shayinsa ya huce. Ta tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, gida ya kira, sun sa wani ya ce masa kada ya sake. Ya yi godiya ya hau mota. Ba ta san sunan motar ba, ba ta san inda suka nufa ba, kuma bai sake biyowa ba.

Yana da rai, wannan na riƙe. Amma yana can yana yawo da cewa ubansa na nan da rai kuma har yau bai huce ba, ni kuma wai ina zaune kusa da uban ban karɓi wayar ba. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

Na bar lambata wajen mai faci, ya rubuta ta da alli a jikin ƙofar rumfarsa, ya rantse in an sake kira zai bayar. Mai shayi ma ta adana. Na koma wajen mai farce na ce ta sauke ni daga tsarin wata-wata, sannan na mayar da layina kamfanin da mai shayi take, don kira tsakaninsu ya fi sauƙi. Ashe na mai kitso ne, na ukun nan da na raina. Yanzu mu biyu ne a taga. Kullum da safe kafin in hau keke nakan leƙa kai in kira mai shayi, ta ce mini bai zo ba, in yi mata godiya. Har ta fara ce mini Mama.

Nas ta sani yanzu. Ba ta ce ai na gaya miki ba, ta dai zauna a ƙasa ta ɗora kanta a cinyata.

Wayar Malam kuwa na zare ta daga caji ranar Talata. Ban iya kashe ta da hannuna ba, na bar ta a kan kantar nan ina ɗinki ina satar kallonta. Da hantsin Alhamis ta yi ƙara sau ɗaya, na zabura har allura ta soke ni. Batir ne yake sallama.

Ki ci gaba da yi masa addu'a, ki ambaci sunansa na gaskiya, ni bakina ya kasa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta